Makonmu Ne Na Fita

"Hajiya ta ce a dakata da maganar ɗaurin aure."

Haka Nasrullahi ya faɗa, ko gaisuwa ba mu gama ba. Yana tsaye a soron gidanmu da garin katako har a gashin girarsa, alamar daga shagon kafintancinsa ya taho kai tsaye. Na ajiye masa ruwa, bai ko kalli kofin ba.

"Saboda me?" na tambaye shi, duk da na san amsar.

"Kin fi kowa sani, Malamata. Na'imatu tana kwance, zazzaɓi ya rufe ta. Ruwan jiya a kanta ya ƙare."

Na'imatu ƙanwarsa ce, autar Hajiya, kuma ɗalibata ce a makarantar sakandaren da nake koyar da addinin Musulunci a nan Mubi. Ni na fitar da ita da 'yan ajinsu ƙarƙashin darbejiya jiya, ruwa ya sauko kafin mu kwashe littattafai.

"Allah Ya ba ta lafiya. Wallahi ban so haka ba..."

"Na sani. Amma Hajiya ta ce macen da za ta fitar mata da 'ya cikin ruwa alhali ga aji da rufi, ba za ta shigo mata gida ba. Abu ɗaya take so, Khaulat. Ki daina fitar da su. Shi ke nan."

"Ba zan iya ba."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Ba za ki iya ba? Saboda bishiya za ki bar ni?"

"Ban ce zan bar ka ba."

"To me kika ce?"

Na kau da kai, hawaye na neman tona min asiri. Ya jira, ya gaji da jira, ya saka takalminsa ya fita. Ruwan da na kawo masa yana nan yadda na ajiye shi.

Duk wanda ya yi sakandare a garinmu ya san yadda darasin addini yake. Ana kaɗa ƙararrawa aji ya rabu biyu, Musulmi da malaminsu, Kiristoci da nasu. Tunda ajin ɗaya ne, dole wasu su ɗauki benci su fita. Ni da Malam Zacharia, mai koyar da addinin Kirista, sai muka mayar da abin karɓa-karɓa. Wannan makon mu fita, mako mai zuwa su fita. Shekaru muna haka ba mu taɓa saɓawa ba. Ranar Litinin zai leƙo da murmushinsa ya ce, "Malama Khaulat, makonku ne na shan iska." Idan nasu ne, ni ma ba na raga masa.

Sai 'yan ta'adda suka shigo Mubi a ƙarshen shekarar 2014. Kowa ya gudu da abin da ke jikinsa, wasu suka hau duwatsu, mu muka bi ta Sorau har muka tsinci kanmu a Yola. Da muka dawo, rabin makarantar ya ƙone. Malam Zacharia bai dawo ba, a hanya suka tare shi. Yayan Nasrullahi, Mu'azu, shi ma tun ranar aka rasa shi.

Aka buɗe makaranta babu malamin addinin Kirista. Duk wanda aka turo, da ya ji an ce Mubi sai ya nemi sauyi. Shugaban makaranta ya ce to, marasa malami su riƙa fita, masu malami su zauna. Magana ce mai kama da hankali, ni ma na bi ta da farko.

Wata rana ina cikin darasi na leƙa ta taga. Suna zaune a gindin darbejiya sun zuba mana ido, ba mai karatu, ba mai magana. Da aka tashi sai Dokas ta tare ni. Yarinya ce mai kaifin baki, ita ce shugabar ajin.

"Malama, Babana ya ce idan kullum mu ne a waje, gara in koma gona. Ya ce makaranta ya zama na ku."

Ranar darasina a kan cika alƙawari ne da haƙƙin maƙwabci. Na koma gida na kasa cin abinci. Litinin na zagayowa na ce wa ɗalibaina su ɗauki benci, makonmu ne. Tun daga nan na ci gaba da riƙe karɓa-karɓa ni kaɗai, da mutumin da ba ya duniya.

Gari kuwa ya samu abin faɗa. Wai 'yar Alhaji Lawali ta bar wa Kiristoci inuwa ta shanya 'ya'yan Musulmi a rana. Mutanen da ba su taɓa taka makarantar ba su suka fi kowa sanin labarin.

Bayan fitar Nasrullahi, Baba ya kira ni. Yana zaune a kan dardumarsa, ya ji komai.

"Khaulatu, zauna."

Na durƙusa.

"Shagona ya ƙone, ban yi kuka ba. Amma ba zan iya ganin kin rasa yaron kirki irin wannan a kan wurin zama ba. Ki ba Hajiya haƙuri, ki yi abin da ta ce."

"Baba, idan na daina fita, yaran nan za su bar makaranta."

"'Ya'yanki ne?"

"Ɗalibaina ne, Baba. Kai ka koya min cewa amana ba ta mutuwa don mai ita ya mutu."

Ya dubi carbinsa. "Na koya miki. Ban koya miki ki karya zuciyata da ita ba."

Wannan magana ta fi duka ciwo. Ina son Baba, ina son Nasrullahi son da ni kaina yake ba ni kunya, ga kuma idanun yaran nan ta taga. Na rasa wanda zan ajiye a cikinsu.

Dabara ɗaya ta rage min. Matar Malam Zacharia, Miriyamu, wadda ake kira Maman Eva, ita ma ta karanci koyar da addinin Kirista, aure da 'ya'ya ne suka zaunar da ita. Tana Vimtim wurin danginsa, kuma an ce ta rantse ba za ta sake taka cikin Mubi ba. Shugaban makaranta ya ce idan na iya kawo ta, ƙungiyar iyaye za ta ɗauke ta. Ya faɗa yana dariya, don ya tabbata ba zan iya ba.

Ranar Asabar da safe ni da Dokas muka tsaya bakin titi muna neman abin hawa. Sai ga tsohuwar akori-kurar Nasrullahi tana tari ta tsaya a gabanmu.

"Ku shigo," ya ce, idonsa a kan titi.

"Wa ya gaya maka?"

"Na'imatu. Tana kwance amma kunnenta lafiya lau." Ya tada mota. "Kada ki ɗauka na yarda da ke ne. Na zo ne don ba zan bari ki bi hanyar nan ke kaɗai ba."

"Na gode, masoyi."

"Kar ki ce min masoyi, fushi nake yi."

Dokas ta toshe baki tana dariya. Ni ma na juyar da kai, don rabona da murmushi tun ranar da ya fita daga soronmu.

Mun wuce shingayen sojoji da na mafarauta, ga masara ta yi kore a gefen gidajen da ba rufi. Mun samu Miriyamu a bayan gida tana cire ciyawa a gonar gyaɗa. Ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta shimfiɗa mana tabarma, na yi mata gaisuwar rashi, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta girgiza kai. "Malama, ki yi haƙuri. Garin nan ya ci mijina. Ba zan iya tsayawa a inda yake tsayawa ba."

"Yaran ba su da kowa, Maman Eva. Jarrabawa na zuwa."

"Allah zai kawo musu wani." Ta dubi Dokas. "Yanzu kullum a gindin bishiya kuke zama ke nan?"

"A'a, Mama. Sati-sati muke yi."

"Da wa?"

"Da Malama. Wannan sati su ne a waje, har ruwa ya duke su. Jibi mu ne."

Miriyamu ta juyo gare ni a hankali. "Har yanzu kina ba shi makonsa?"

"Ban ga dalilin ƙwace masa ba."

Ta rufe fuska da gefen zaninta. Kuka ta yi mai tsawo, ni ma na taya ta. Amma da muka tashi tafiya amsarta ba ta canza ba. "Ba zan iya ba, Malama. Ki yafe ni."

Na lura dai kafin mu taso Nasrullahi ya tsaya yana duban ɗakinta, inda aka danne leda da duwatsu a madadin kwano.

Makon da ya biyo baya Kiristoci suka fita, ba abin da ya faru. Nasrullahi bai zo zance ba, wayarsa ma ba ta shiga. Na je duba Na'imatu da lemo da ayaba, Hajiya ta amsa gaisuwata a taƙaice ta shige ɗaki. Daga ciki ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Ranar Litinin da kaina zan rako ta makaranta. Ina so in ga da idona."

Litinin ɗin kuwa makonmu ne na fita.

Da safe hadari ya haɗu ta wajen duwatsu, baƙi ƙirin. Hajiya ta cika alƙawari. Tana tsaye a barandar ajin da babban mayafinta da lema a hannu, ta ƙi kujerar da aka kawo mata. Na'imatu na zaune a bencin gaba, ta ɗan rame amma idonta ƙyar a kaina.

Aka kaɗa ƙararrawa.

Ban taɓa jin nauyin alli a hannuna irin na ranar ba. Idan na ce a zauna, na samu miji, Baba ya yi barci mai daɗi. Idan na ce a fita, wataƙila na rasa Nasrullahi har abada. Na dubi Hajiya, na dubi Dokas da 'yan'uwanta da suka zuba min ido. Na yi bismillah a zuciyata.

"Na'imatu, ke ki zauna a baranda kusa da Hajiya, ba ki gama warkewa ba. Saura, ku ɗauki benci. Makonmu ne."

Na ji Hajiya ta yi tsaki. Na'imatu kuwa ta miƙe ta kama gefen bencinta.

"Ni ma makona ne, Malama."

Kafin su kai ƙofa Dokas ta tare hanya, ta ware hannaye. "Ba inda za ku je. Yau mu ne za mu fita."

"Dokas, matsa," na ce.

"Malama, ki duke ni idan kina so. Na'imatu ya yi ciwo saboda mu, ba zai sake ba. Ku tashi!"

Kiristocin nan suka sungumi bencinsu suka yi waje da gudu. Nawa ɗaliban suka ce ina, ba za a ƙwace musu mako ba, su ma suka bi su da nasu bencin. Kafin in buɗe baki kowa ya isa gindin darbejiya, ana ta musu.

"Ku koma ciki, satinmu ne!"

"Ku ne za ku koma, mun riga ku zuwa!"

Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Babu wanda ya motsa. Yara tsaye cikin ruwa, kowane ɓangare na korar ɗaya zuwa inuwa, ga aji a buɗe babu ko mutum ɗaya a ciki. Na'imatu da Dokas sun riƙe benci ɗaya kowa na ja. Ni ina tsakiya hijabina ya jiƙe sharkaf, na rasa dariya zan yi ko kuka.

A daidai lokacin akori-kura ta shigo harabar makaranta tana watsa taɓo. Nasrullahi ya fito ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar. Miriyamu ta sauko da farar riga da ɗankwali, jakar mijinta a rataye a kafaɗarta. Ta tsaya tana kallon bishiyar, ruwa na zuba a kanta.

Daga baya na ji inda Nasrullahi ya ɓace duk makon. Vimtim yake zuwa kullum, shi ya rufe mata ɗaki da kwano. Bai roƙe ta komai ba. Ranar da ya buga ƙusa ta ƙarshe ta tambaye shi abin da ya sa, ya ce mata matar da yake so tana shirin rasa shi saboda makon mijinta, shi kuma ba ya shirin a rasa shi.

Amma ba zuwan Miriyamu ne ya raba gardamar ba. Hajiya ce. Ta sauko daga baranda, lemar ma ba ta buɗe ba, ta nufo mu kamar za ta ci mutum.

"Wane irin shashanci ne wannan? Ga ɗaki ga rufi, kun tsaya kuna rabon ruwan sama? Ku wuce ciki dukkanku! Ke mai baki, saki bencin nan. Ke ma Malamar, wuce!"

Ba a yi wa Hajiya musu. Cikin ƙiftawar ido kowa ya shige, muna ɗigar ruwa muna haki.

"To Hajiya, darasi biyu ne," na ce a hankali. "Allo kuma ɗaya."

Miriyamu ta ratsa ta tsakiyar aji har bango na baya, wanda wuta ta mayar baƙi tun daga ƙasa har sama. Ta shafa shi da tafin hannu, ta ciro alli daga jakar mijinta ta ja layi. Layin ya fito fes.

"Ga allo," ta ce. "'Ya'yana, ku juyo da bencinku nan."

Aka juya benci. Musulmi suka fuskanci gaba, Kiristoci suka fuskanci baya, bayan wannan na taɓa bayan wancan. Na rage murya, ita ma ta rage. Ruwa na dukan kwano, ni ina karanta hadisin maƙwabci, ita tana nata karatun. Hajiya ta ja kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna a tsakiya kamar alƙali, tana matse mayafi. Nasrullahi na bakin ƙofa ya harɗe hannu yana kallona, kallon da ya sa sau biyu ina ɓata a layin da na haddace tun ina yarinya.

Da aka tashi, Hajiya ta kira Miriyamu.

"An ce mijinki suka kashe."

"Haka ne, Hajiya."

"Ni ɗana na fari." Ta kama hannunta ta riƙe.

Sannan ta juyo kaina. Na durƙusa.

"Ke kam Allah Ya yi miki taurin kai."

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Ban gama ba. Na zo ne in ga kin ji tsorona kin zauna, in ce to, ta ji magana. Da kin zauna ɗin, da na karɓe ki, amma da ban taɓa ba ki ajiyar ko allura ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Wadda ta riƙe wa mamaci makonsa ba za ta ci amanar ɗana yana raye ba. Tashi, 'yata, jikinki duk ruwa."

Na faɗa jikinta ina kuka. Ta ɗan bubbuga bayana, sannan ta hango Nasrullahi yana washe baki.

"Kai kuma me kake yi wa dariya? Dubi bencin da yara ke ja kamar gawar jaki. Ka yi musu marasa majingina, kowa ya juya ƙafarsa kawai. Kuma ka gaya wa Alhaji Lawali muna nan tafe gobe."

"An gama, Hajiya." Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Yanzu kina iya cewa masoyi, na huce."

"Ni kuma yanzu na fara fushi. Mako guda ba waya?"

"Ina kan rufi ne, Malamata."

Da na koma gida na ba Baba labari. Ya ɗora hannunsa a kaina. Can ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, Khaulatu. Kin fi ni riƙe abin da na koya miki."

Bayan babbar sallah aka ɗaura aurenmu. Miriyamu na cikin matan da suka raka ni ɗakina, ita da Hajiya har da gardamar wadda ta fi iya jera kwanuka. Babu ko ɗaya daga cikin yaran Malam Zacharia da ya koma gona, duk sun zauna jarrabawa a bencin da mijina ya ƙera.

Ranar da na koma aiki, ɗalibai suka ce sun haɗa mana walima. Na shiga aji na tarar wayam, babu benci ko ɗaya. Na leƙa ta taga. Suna gindin darbejiya dukkansu, Dokas da Na'imatu na rabon cincin, Miriyamu na ɗaga min hannu, Nasrullahi ya tanadar min wuri kusa da shi.

Na ajiye allina na fita. Ranar kowa a waje yake, kuma babu wanda ya tambayi makon wa ne.